Bindigar da Audu Ya Karɓa da Hannu Biyu

Ko da zan manta da sunan kakana, ba zan manta da yammacin Alhamis ɗin da Audu ya karɓi bindiga da hannu biyu ba. Ku da kuke aiki a ƙarƙashina yanzu kun sha tambayata abin da ya sa nake hana ku taɓa bindigar masu gida, ko da gogewa aka ce ku yi. Nakan ce muku bindiga tana da aljani mai son jinin Bahaushe, ku yi dariya, mu wuce. To yau na zauna in rubuta muku ainihin dalilin. Na san sunan da kuke kirana da shi a bayan idona, Haruna Mai Gishiri, ban kuwa musa ba. Tun ina yaro a unguwarmu ta Ammariyya, cikin Jidda, ban iya ba da labari lami ba. Amma wanda za ku karanta yanzu, in kun ga gishiri a gefensa, to tsakiyarsa babu.

A tsakiyar shekarun sittin abin ya faru, a wata gona da ke arewa da Jidda, can gaba da Abhur. Lokacin babu waɗannan gine-ginen da kuke gani. Yashi ne, da ƙaya, da sauro. Sauron kuwa in uku suka haɗa kai suna iya ɗauke zakara. Mai gonar attajiri ne mai sayar da yadi a cikin gari, shi ne kuma kafilinmu, wato iƙamarmu, takardar izinin zama, a ƙarƙashin sunansa take. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Maigida muke ce masa. Ni ne shugaban ma'aikata, babban muƙami ƙwarai, domin mutum biyu ne a ƙarƙashina, ɗayan ma jaki ne.

Ɗayan shi ne Audu. Mutumin ƙasar Haɗeja ne, ya taso da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya yana noman auduga a Sudan kafin ya tsallako teku. Ya sauke farali, ya samu iƙama, ya zauna. Larabcinsa bai wuce “hadir” da “ɗayyib” ba, wato “to” da “da kyau”. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. A garinsu an koya masa ba a barin babba da kaya a hannu, ya kuwa riƙe wannan kamar karatun salla. In Maigida ya sauko daga mota da laima, Audu zai rusuna ya karɓa da hannu biyu. In butar shayi ce, haka. Wata rana har carbin Maigida ya karɓe, bawan Allah yana tsakiyar tasbihi. Na sha ce masa, “Audu, wata rana za ka karɓi matar wani daga hannunsa.” Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Kai dai Yaya Haruna, ba ka rabo da abin dariya.”

Gabas da gonar, bayan shingen ƙaya, akwai maƙwabcinmu guda ɗaya, Ammi Salim. Balaraben ƙauye ne, tsoho, makiyayin awaki, yana zaune da matarsa Ummu Hamad da 'ya'yansu biyu magidanta. Mukan ba shi tumatir da ɓawon kankana don awaki, shi kuma ya ba mu nono. Shi ne babban mai sauraron labaraina. In na yi masa wata, yakan yi dariya har sai ya riƙe haƙarƙari, ya ce, “Ya Haruna, ka ji tsoron Allah, ƙara mini wata.”

Bari in bayyana muku yadda ake harbi a gonar, don wanda bai san aikin ba ya gane. Maigida yana da bindiga guda mai cin dogon zango, da takardar izini da sunansa. A doka shi kaɗai zai harba ta, kuma ba a harbi inda harsashi zai iya kaiwa ga gidan mutane, ko da a cikin filinka kake. Ƙasar taka ce, amma harsashi bai san iyakar gona ba. Don haka muka tara tudun yashi a yammacin gonar, wajen teku, inda babu kowa sai fako. A gaban tudun ake jera gwangwanaye. Duk ranar da za a yi harbi aiki uku ne a kaina: in ɗaura jan ƙyalle a kan sandar da ke bakin rijiya, in jera gwangwanaye, sannan in taka da ƙafata in gaya wa Ammi Salim. Shi kuma sai ya tattara awakinsa ya koma gindin shingen gabas, domin nan ne bayan masu harbi, nan ne wurin da babu haɗari. Shekara huɗu muna haka, ko kaza ba a taɓa ji wa ciwo ba.

Ranar da nake ba ku labari, a cikin watan Sha'aban, Maigida ya zo bayan azahar da baƙo, ɗan abokin kasuwancinsa. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, fari, mai ƙamshi, agogon hannunsa kaɗai zai sayi jakinmu da zuriyarsa. Na ɗaura ƙyalle, na jera gwangwanaye, na tafi wurin Ammi Salim.

“Yau ma yaƙi?” in ji shi.

Na ce, “Yaƙi sosai, ya Ammi. Yau sarkin gwangwanaye da kansa ya fito, ya rantse sai ya rama.”

Ya yi dariyarsa, ya tsiyaya mini gahawa kofi ɗaya, ya kira 'ya'yansa su kora awaki gindin shinge. Na bar shi zaune a inda na ce ya zauna. Wannan ita ce maganar da har yau take ci mini rai: a inda na ce ya zauna.

Bayan la'asar aka fara. Maigida ya harba sau biyar ko shida, sannan ya miƙa wa baƙon bindigar, ya ce zai shiga ɗaki ya sake alwala. Baƙon ya harba sau uku, gwangwanaye suna tsaye suna kallonsa. Ina gefe ina danne dariya. Sai ga garken kurciya ya tashi daga shingen gabas, ƙasa-ƙasa. Kafin in buɗe baki mutumin ya juya da bindiga gaba ɗaya, ya bi su, ya saki harsashi biyu.

Kurciya ko ɗaya ba ta faɗo ba. Awaki suka watse. Sai muka ji ihun mace.

Baƙon ya tsaya kamar an dasa shi, bindiga tana reto a hannunsa. Audu yana tahowa daga rijiya, bai ma gane abin da ya faru ba tukuna. Abin da ya gani kawai shi ne babba a tsaye da kaya a hannu. Ya ajiye bokiti, ya rusuna, ya karɓa da hannu biyu. Mutumin kuwa ya sakar masa, ya juya ya nufi mota. Ina ganin haka, sai na ruga wajen shinge. A daidai lokacin 'ya'yan Ammi Salim suka tsallako ta kan ƙaya, ƙafafunsu duk jini. Abin da idonsu ya fara sauka a kai shi ne Audu, shi kaɗai a tsakiyar fili, rungume da bindiga tana warin albarushi.

Harsashin ya sami tsohon a ƙasan haƙarƙari. Audu ne ya jefar da bindigar ya goyo shi a bayansa har cikin motar ɗaukar kaya ta gonar. Ni na riƙe kansa a cinyata. Hanyar ba ta da kwalta sai an yi nisa, kowane rami muka faɗa sai ya matse hannuna. Ya nemi ruwa, na jiƙa masa leɓe. Ya yi kalmar shahada sau biyu. Ba mu kai ga gidajen farko na gari ba ya cika.

A ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, aka raba mu ɗaki-ɗaki. Na roƙa a bar ni in yi wa Audu tafinta, aka ce shaida ba ya tafinta, aka kawo wani. Daga baya na ji yadda aka yi. An tambaye shi, “An same ka da bindiga a hannu?” Ya ce e. “Kai ka harba?” Ya ce a'a. “To wa ya harba?” Nan Audu ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya sani.” A tarbiyyarsa ƙaramin mutum ba ya nuna babba da yatsa a gaban hukuma. Yana jira babban ya tashi da kansa ya faɗi gaskiya, kamar yadda yake zaton manya suna yi. Babban kuwa yana ɗaki na gaba yana cewa shi ya gaji da harbi ya ba ma'aikaci bindiga ya nufi mota, sai ya ji ƙara a bayansa. Kafin Audu ya gane ya buɗe baki, kwana uku sun wuce, ya riga ya dangwala yatsa a takarda, maganarsa ta biyu ta zama kamar ta wanda ya sauya zance.

Maigida ya ce bai gani ba. Gaskiya ne, bai gani ba. Ya biya tarar barin bindigarsa a hannun wanda ba shi da izini, aka karɓe bindigar, halas, shi ke nan. Da na same shi a shagonsa, bai ɗago ya dube ni ba, yana ta shafa wani bandir na yadi.

Na ce, “Maigida, ka san Audu. Ko ɓera ba ya iya kashewa, ni yake kira.”

Ya ce, “Na san shi.”

“To ka yi magana.”

“In ce me? In rantse a kan abin da ban gani ba? Kai ka gani, je ka faɗa. Ba zan hana ka ba, ba kuma zan kore ka ba.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma Haruna, ka san bakinka.”

Ban gane nufinsa ba a ranar. Na ɗauka barazana ce.

Bayan salla ƙarama aka shiga mahkama, wato kotu. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa, ba na kuma zarginsa da komai. 'Ya'yan mamacin suka faɗi abin da suka gani, ba su ƙara ko kalma ba: ba su ga harbin ba, sun ga bindiga a hannun Audu. Baƙon ya maimaita maganarsa. Aka kira ni. Wallahi tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba da labari tsirara irin na ranar ba. Na faɗi inda kowa ya tsaya, da yawan harsashi, da inda kurciya ta tashi, da yadda Audu ya rusuna. Alƙali ya saurara har ƙarshe, na ga alamar maganar ta shige shi.

To a ƙa'idar mahkama ba a karɓar shaidar mutum haka kawai. Sai an yi abin da ake kira tazkiyya: ka kawo mutum biyu da suka san ka, su tabbatar wa alƙali kai adali ne, ba a san ka da ƙarya ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, duk Ammariyya wa bai san ni ba? Na kawo Alhaji Bala mai tsire, wanda muka tashi tare, da Malam Idi, ladanin masallacin unguwarmu. Suka sha fararen riguna suka zo.

Alƙali ya dubi Alhaji Bala. “Ka san wannan mutumin?”

“Tun muna wasan ƙasa, ya Shaikh. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye, sahun farko yake salla.”

“Madalla. An san shi da faɗin abin da bai faru ba?”

Alhaji Bala ya gyara hula. Ya dube ni. Ya ce, “Ya Shaikh, mutum ne mai barkwanci.”

“Ba wannan na tambaye ka ba.”

Sai wakilin baƙon, wani siririn mutum da ya yi kwanaki yana yawo a unguwarmu yana shan shayi da mutane, ya nemi izinin magana. Ya juya wajen Malam Idi cikin ladabi ya ce, “Ya Shaikh Idris, ba wannan ne Harunan da ya ce a Abhur ya ga kifi ya haɗiye injin kwalekwale, injin bai mutu ba, kifin ya kwana uku yana zagaya teku yana hayaƙi, har sai da mai ya ƙare?”

Malam Idi mutumin kirki ne. Ya zo ne don ya taimake ni. Amma wannan labarin shi ya fi so a cikin duk labaraina, sau goma yana sa ni in maimaita masa. Na ga ya cije leɓe, na ga kafaɗunsa suna rawa. Sai dariyar ta ƙwace masa. Magatakarda ya kama, ɗan sandan bakin ƙofa ya kama. Ni da na yi shekara talatin ina neman dariyar mutane ido rufe, ranar na same ta a inda ba na so.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba: alƙali, da Audu, wanda bai ji abin da aka ce ba, yana ta duban fuskoki yana murmushin ladabi, yana zaton alheri ne ya samu.

Da aka natsu alƙali ya sake tambayar Malam Idi, “Za ka rantse ba a san shi da ƙarya ba?” Hawayen dariya bai bushe a idonsa ba na gaske ya biyo. Ya ce, “Ya Shaikh, na rantse a wannan maganar gaskiya yake faɗa.” Alƙali ya ce, “Kana wurin?” Ya ce a'a. Alƙali ya rufe littafi. Ya dube ni ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, “Ya ɗana, zuciyata tana jin wani abu, amma ba da zuciyata nake hukunci ba.” Aka ajiye shaidata gefe. Aka yanke kisan kuskure ne, a kan Audu.

Ranar ziyara na je kurkuku, ban san da wane ido zan dube shi ba. Na tarar ya rame, amma ya riga ni gaisuwa, har yana tambayar lafiyar jaki. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

“Yaya Haruna, abu ɗaya ke damuna. Tsohon nan mun ci abincinsa, ya rasu, ban je na yi wa iyalinsa ta'aziyya ba. Ka je mini.”

“Audu, suna ganin kai ka kashe shi.”

“Ko da haka. Ka je mini.”

Na tafi. 'Ya'yan suka tare ni a bakin bukka, babban ya ce in koma inda na fito. Sai muryar Ummu Hamad ta fito daga bayan labule ta ce a bar ni. Na tsuguna a rana na isar da ta'aziyyar Audu, sannan na ba ta labarin kamar yadda na ba alƙali.

Ta ce, “Mijina Abu Hamad yakan ce, ƙaryar Haruna duk a kan kifi da sauro take, bai taɓa yin ta a kan mutum ba.” Sannan ta kira babban ɗanta. “Wa ya goyo ubanku zuwa mota?”

Ya ce, “Audun ne.”

“Mai agogon fa, yana ina?”

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

“Gobe ku je mahkama ku ce mun yafe. Ba ma neman komai a wurin bawan Allahn nan.”

Sun je, sun yafe. Abin da mutum biyu masu fararen riguna suka kasa yi mini, tsohuwa ta yi shi daga bayan labule. Sai dai yafewar iyali haƙƙinsu kawai take ɗaukewa. Haƙƙin hukuma yana nan, takarda kuma ta riga ta ce Audu ya harba bindiga ba izini har rai ya salwanta. Ya yi shekara ɗaya da watanni a tsare, aka soke iƙamarsa, aka sa shi cikin waɗanda za a mayar.

Na samu labarin ranar tafiyarsu, na je bakin tashar jirgin ruwa tun da hantsi. Ba a bari a matsa kusa. Na hango shi a bayan babbar mota cikin mutane, da ɗan ƙullin kayansa. Shekara bakwai ya yi yana tahowa, a kwana biyu za a tsallakar da shi. Ya gan ni, ya ɗaga hannu, ya yi kira da ƙarfi, abin da ban taɓa jin ya yi ba: “Yaya Haruna! A gaida Maigida! A ce na gode!” Motar ta shige. Ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na tambayi alhazan Haɗeja shekara da shekaru, babu wanda ya san inda ya faɗa. Gaisuwar kuwa na isar. Maigida ya ji, ya tashi ya shiga bayan shago, ya daɗe bai fito ba. Bai ƙara shekara ba ya sayar da gonar.

Ban daina barkwanci ba, kun sani, harshen da ya tsufa a karkace ba ya miƙewa. Amma na koyi cewa mu masu aiki a gonakin mutane ba mu da gida a nan, ba mu da dangi a hukuma, maganarmu ita ce kaɗai abin da za mu iya tsayawa da shi a gaban alƙali, ni kuwa na yi ta rabar da tawa a teburin mai shayi, ranar da ɗan'uwana ya buƙace ta na laluba babu. Ku yi wasa, amma ku rage wani abu a bakinku wanda in kun faɗa ba za a yi dariya ba.

Na kuma koyi cewa ladabin da aka koya mana a gida yana da inda yake tsayawa. Ku karɓi laima, ku karɓi jaka, ku karɓi takalmi in an miƙo. Amma ranar da aka yi harbi, ku tsaya inda kuke ganin kowa, ku lura da wanda ya juya baya ga tudu. In babba ya miƙo muku bindiga, ko wane ne shi, ku mai da hannuwanku baya, ku ce ya ajiye ta a ƙasa da kansa. Zai ɓata rai. Za a ce yaran Haruna ba su da tarbiyya. Ku bari a ce.